An ce kasuwa ta tashi, to wa ya auna ta?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri in tambayar ta yi kama da ta yara. Kullum a labaran kasuwanci sai in ji an ce Dow Jones ya tashi da maki kaza, S&P 500 ya faɗi, FTSE 100 ya yi kaza. Su waɗannan kamfanoni ne? Ana sayen su? Kuma in an ce kasuwa ta tashi, duka hannayen jarin ne suka tashi ko yaya? Ban zuba ko sisi ba tukuna, so nake in gane kafin in taɓa kuɗina.

Malam Nura: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ba kamfanoni ba ne, ma'aunai ne. Kasuwar hannayen jari tana da ɗaruruwan kamfanoni, wata ma dubbai, kuma a rana guda wasu na hawa wasu na sauka. Babu mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai aka zaɓi wasu daga ciki, aka haɗa farashinsu ta wata hanyar lissafi, aka fitar da lamba guda. Wannan lambar ita ce kike ji a labarai. Dow Jones kamfanoni 30 ne na Amurka, S&P 500 manyan kamfanonin Amurka ne wajen 500, FTSE 100 kuma manya 100 na kasuwar Landan. Nikkei 225 na Japan ne, DAX na Jamus. Kamar matsakaicin makin aji ne, ana iya cewa ajin ya yi ƙoƙari bana alhali akwai ɗaliban da suka sha ƙasa. Don haka a'a, ba duka ne suke tashi ba.

Sadiq: Anti, ki bar dogon lissafi. Kore ya fito, an samu. Ja ya fito, a yi haƙuri. Shi ke nan.

Hajiya Binta: Sadiq, da wannan karatun naka ne mutane suke shiga uku. Bari Malam ya ƙarasa.

Malam Nura: Abin da nake so kowane sabon shiga ya riƙe shi ne, ita lambar nan mutane ne suka tsara yadda za a fitar da ita, kuma tsarin ba iri ɗaya ba ne. Bari in ƙirƙiro misali da kamfanoni biyu kacal.

Na farko, hannun jarinsa ɗaya dala 300 ne, yana da hannaye miliyan 10. Darajarsa gaba ɗaya dala biliyan 3 ke nan. Na biyu, hannu ɗaya dala 30 ne, amma hannayensa biliyan 1 ne, darajarsa dala biliyan 30. Kun ga na biyun ya ninka na farko sau goma a girma, duk da hannunsa ya fi araha.

To yau na farko ya tashi da kashi 10 cikin ɗari, ya koma 330. Na biyu ya faɗi da kashi 10, ya koma 27. Mai auna da farashin hannu zai ce jiya 330 ne in an haɗa, yau 357, kasuwa ta tashi da kashi 8 da ɗoriya. Mai auna da girman kamfani zai ce jiya biliyan 33, yau biliyan 30.3, kasuwa ta faɗi da kashi 8 da ɗoriya. Wanda ya ba su nauyi daidai wa daida kuwa zai ce ba ta motsa ba. Rana ɗaya, kamfanoni guda, amsa uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Dow Jones da Nikkei 225 da farashin hannu suke aunawa. S&P 500 da FTSE 100 da mafi yawan sauran da girman kamfani.

Maman Ilham: Ikon Allah. To Malam, in haka ne ai na farkon bai da ma'ana. Don me tsadar hannu ɗaya za ta ba ƙaramin kamfani rinjaye?

Malam Nura: Kin kama inda ake suka. Dalilinsa tarihi ne. Charles Dow, ɗan jarida, shi ya fito da shi ranar 26 ga Mayu 1896 da kamfanoni 12. Da fensir da takarda ake aikin, a haɗa farashi a raba, lambar farko ta ba da 40.94. A wancan zamanin dabara ce mai kyau. An kai kamfanonin 30 a 1928, tsarin kuma bai canza ba har yau sai 'yan gyare-gyare. S&P 500 da muka sani sai a Maris 1957 ya zo, lokacin akwai injin da zai ɗauki lissafin.

Ga inda abin yake ba da dariya. A Agustan 2020 Apple ya tsaga kowane hannunsa gida huɗu. Mai hannu ɗaya ya wayi gari da huɗu, kowanne a rubu'in farashin da. Kamfanin bai ragu da komai ba, masu jari ba su yi asarar kobo ba. Amma a cikin Dow, nauyinsa ya zube nan take, daga na ɗaya ya gangaro tsakiyar jerin. A S&P 500 kuwa ko gezau.

Alhaji Tukur: Malam Nura, in an tsaga hannun ai jimillar farashin ta ragu. Ya aka yi lambar Dow ɗin ba ta faɗi a ranar ba?

Malam Nura: Ranka ya daɗe, akwai lambar da ake raba jimillar da ita, ita ake gyarawa duk sanda aka tsaga hannu ko aka canza kamfani, don ma'aunin ya ci gaba daga inda ya kwana. Shekara da shekaru ana rage ta, yanzu ta yi ƙasa da ɗaya sosai. Shi ya sa a 'yan shekarun nan in hannun kowane kamfani a cikin talatin ɗin ya motsa da dala ɗaya, Dow yakan motsa da wajen maki shida.

Hajiya Binta: Tunda an zo kan maki, Maman Ilham ki daina sauraron maki kwata-kwata, kashi cikin ɗari za ki nema. Ranar 19 ga Oktoba 1987 Dow ya faɗi da maki 508. Ranar 16 ga Maris 2020, lokacin korona, ya faɗi da maki 2,997. In kika bi maki sai ki ce ta biyun ta ninka ta farko kusan sau shida. Amma ta 1987 kashi 22.6 ce cikin ɗari a wuni guda, ta 2020 kashi 12.9. Masu kanun labarai sun fi son maki don ya fi tayar da hankali. Haka kuma ba a kwatanta lambar wannan ma'auni da ta wancan. FTSE 100 daga 1,000 aka fara ƙirga shi a Janairun 1984, Nasdaq, wani ma'aunin na Amurka, daga 100 a 1971. Kowa da inda ya faro, girman lambar ba ya nuna wace kasuwa ta fi wata.

Sadiq: To duk na ji. Amma maganar gaskiya ita ce S&P 500 ba ya faɗuwa. Ka zuba kawai ka manta, ko'ina haka ake faɗa.

Alhaji Tukur: Yaro man kaza. Kana ina a 2008?

Sadiq: Ina firamare, Baba.

Alhaji Tukur: Shi ya sa. Daga Oktoban 2007 zuwa Maris 2009 wannan S&P ɗin naka ya zubar da fiye da rabin darajarsa, daga 1,565 zuwa 676. Sai a 2013 ya koma inda yake. Kuma ka lura, abin da ya faɗi da rabi sai ya ninka kansa kafin ya dawo, ba kashi 50 zai ƙara ba, kashi 100.

Malam Nura: Wannan ma mai sauƙi ce. Nasdaq ya kai 5,048 a Maris 2000 lokacin zazzaɓin kamfanonin intanet, ya zube da kusan kashi 78, bai sake ganin wannan lambar ba sai 2015. Dow ya kai 381 a Satumban 1929, ya gangara har 41 a Yulin 1932, sai 1954 ya dawo. Babbar kuwa ita ce Japan. Nikkei ya rufe a 38,915 a ƙarshen Disambar 1989, a lokacin duniya na ganin babu mai kamo kamfanonin Japan. Ba a wuce wannan lambar ba sai Fabrairun 2024. Wanda ya saya yana ɗan shekara talatin ya haura sittin kafin ya ga farashinsa na farko.

Sadiq bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Wanda ya riƙe ma'aunin Amurka na tsawon shekaru masu yawa ya samu, tarihi ya nuna haka. Amma Amurka aka zaɓa ana ba da labari saboda ita ta yi nasara a ƙarnin da ya wuce. Ba alkawari aka yi wa kowa ba.

Hajiya Binta: Sai dai Malam a yi wa lambobin nan adalci. Galibin ma'aunan da ake karantawa a labarai farashi kawai suke ƙirgawa, ba sa haɗa ribar da kamfanoni ke raba wa masu hannun jari. FTSE 100 ya kai 6,930 a ƙarshen 1999, bai wuce ba sai 2015. Mai kallon lambar zai ce shekara goma sha biyar a banza. Amma duk tsawon lokacin kamfanonin suna biyan riba, wanda yake mayar da ita cikin jari ya ci gaba sosai. DAX na Jamus kuma shi yana haɗa ribar a cikin lissafinsa tun asali. Don haka in ka jera zanen DAX da na FTSE 100 ka ce Jamus ta yi wa Birtaniya fintinkau, ka haɗa abin da bai haɗu ba. Kowane babban ma'auni yana da nau'in da ya haɗa riba, shi ya kamata mai zuba jari ya duba.

Sai kuma hauhawar farashi da darajar kuɗi. Kasuwar Zimbabuwe ta yi ta tashi kamar ba gobe a 2007 da 2008, alhali kuɗin ƙasar ne ke narkewa. Lamba ta hau ba ya nufin abin da kuɗinka zai iya saya ya ƙaru.

Maman Ilham: Hajiya na gode. Amma har yanzu ba a amsa mini ba, ana sayen ma'aunin ko ba a saye?

Hajiya Binta: Shi kansa ba a saye, lissafi ne kawai. Abin da ake saye asusu ne da yake kwaikwayonsa. Ku tara kuɗi ku da yawa, mai kula da asusun ya sayi duk kamfanonin da ke cikin ma'aunin, kowanne gwargwadon nauyinsa. Ba ya zaɓe, ba ya hasashe, bi kawai yake. John Bogle na Vanguard shi ya fara buɗe wa talakawan masu jari irin wannan a 1976. An yi masa dariya, ya sa ran tara dala miliyan 150, abin da ya samu bai wuce miliyan 11 da 'yan kai ba. A 1993 kuma a Amurka aka fito da nau'in da ake saye da sayarwa a kasuwa ta hannun dillali kamar hannun jari, shi ne ake kira ETF.

Alhaji Tukur: A nan ne fa nake rabuwa da ku. Mutum yana da hankali, yana iya karanta rahoton kamfani, don me zai sayi mai kyau da ruɓaɓɓe a haɗe? Ku kanku kun ce matsakaici ne. Ni ban shiga kasuwa don in zama matsakaici ba. In na ga kamfani mai shugabanci nagari, ba bashi a wuyansa, yana biyan riba duk shekara, shi zan saya in riƙe.

Hajiya Binta: Alhaji, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, ba na ja da ƙwarewarka. Amma ka duba wannan. Warren Buffett, wanda duk duniya ta san shi da iya zaɓen kamfani, shi da kansa ya yi fare na dala miliyan ɗaya cewa asusu mai bin S&P 500 zai doke zaɓaɓɓun asusun ƙwararru a shekara goma, daga 2008 zuwa 2017. Kamfanin Protégé Partners ya karɓi faren, ya zaɓo asusu biyar. Duk da faɗuwar 2008 tana ciki, na Buffett ya ƙaru da wajen kashi 125, na ƙwararrun a matsakaici bai kai kashi 40 ba. Kuma S&P suna fitar da rahoto a kai a kai mai kwatanta manajojin asusu da ma'auni. In aka ja lokacin zuwa shekara 15, mafi rinjayensu a baya suke.

Ba don ba su da ilimi ba ne. Su ne kasuwar ai, junansu suke saye da sayarwa, in aka haɗa su duka dole su ba da matsakaici, sannan a cire ladan aikinsu. Ladan nan kuwa shi ne ɓarawon da ba a gani. Misali, ka zuba 1,000 yana ƙaruwa da kashi 7 a shekara, bayan shekara 30 ya zama kusan 7,600. In ana cire kashi 2 duk shekara, ya rage kashi 5, abin da za ka tarar wajen 4,300 ne.

Alhaji Tukur: Buffett ɗin da kika kawo, shi da bin ma'auni ya tara dukiyarsa?

Hajiya Binta: A'a. Amma Buffett nawa ne a duniya?

Sadiq: Wuta! Baba a ba da amsa.

Alhaji Tukur: Kai dai ka yi shiru ka koyi abu. Ga wadda nake so Malam Nura ya amsa. Kun ce ba a zaɓe. To wa ya zaɓi ɗari biyar ɗin?

Malam Nura: Alhaji ya taɓo gaskiya. Akwai zaɓe, an dai matsar da shi wani wuri ne. S&P 500 kwamiti ne ke da shi, yana da sharuɗɗa, ciki har da sai kamfani ya nuna riba. Shi ya sa Tesla ya daɗe yana cikin manyan kamfanoni a daraja amma ba a shigar da shi ba sai Disambar 2020, bayan farashinsa ya riga ya yi tashin gwauron zabi. Masu bin ma'auni dole suka saya a tsadarsa. FTSE 100 ya fi bin ƙa'ida zalla, duk wata uku ake dubawa, wanda ya hau zuwa na 90 ko sama ya shiga, wanda ya gangara zuwa na 111 ko ƙasa ya fita. Dow ma kwamiti ne. Daga cikin kamfanoni 12 na farko babu ko ɗaya a ciki yanzu, General Electric ne ya fi daɗewa, an cire shi a 2018. A Nuwamban 2024 aka cire Intel aka sa Nvidia.

Wannan shi ya sa zanen ma'auni na shekara ɗari yake da kyaun gani. Ana fitar da masu rauni ana shigo da masu ƙarfi. Ga wanda ya zuba a asusu mai bin ma'auni wannan alheri ne, ana yi masa shara ba tare da ya ɗaga yatsa ba.

Abin da ya fi damuna ni ba zaɓen ba ne, cunkushewa ce. A ma'aunin da ke auna girma, duk kamfanin da ya ƙara tsada nauyinsa ƙaruwa yake. A 2024 kamfanoni goma na sama sun riƙe fiye da kashi 30 na S&P 500, galibinsu na fasaha. Mutum yana ganin ya rarraba kuɗinsa gida ɗari biyar, ashe kusan sulusi yana hannun goma. Kanada ta ga irin wannan, a shekarar 2000 kamfanin Nortel shi kaɗai ya haura sulusin babban ma'aunin kasuwar Toronto. Ya zube, a 2009 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Ko ma'aunin da ake kira MSCI World, mai jin sunan zai ɗauka duniya ce gaba ɗaya, alhali ƙasashe masu arziki ne kawai a ciki, kuma wajen kashi 70 Amurka ce.

Alhaji Tukur: Yauwa. Ashe dai ba ni kaɗai nake ganin aibin ba.

Ustaz Habibu: Salamu alaikum. Na biyo ku tun daga sama, akwai abin da ba a taɓo ba. Wanda ya sayi asusu mai bin S&P 500 ya mallaki ɗan yanki a duk abin da ke ciki, har da bankunan ruwa da kamfanonin giya da na caca. Ga wanda wannan ya dama, akwai ma'aunai da aka tace. Dow Jones Islamic Market tun 1999 yake, S&P da FTSE da MSCI duk suna da nasu. Tacewar hawa biyu ce. Da farko a duba sana'ar kamfanin, a fitar da masu giya, alade, caca, da harkar kuɗi ta ruwa. Sannan a duba littafinsa, in bashin da ke kansa ya kai wajen sulusi, shi ma a fitar. Ɗan abin da ya rage na kuɗin da ba su tsarkaka ba, akan ƙiyasta shi a fitar sadaka. Malamai suna da saɓani a kan iyakar, kuma ma'aunan kansu ba su daidaita ba, wani da darajar kasuwa yake kwatanta bashin, wani da jimillar kadarorin kamfani. Kamfani ɗaya yana iya tsallakewa a nan ya faɗi a can.

Malam Nura: Allah ya gafarta Malam, ƙari kaɗan. Da an cire bankuna, gurbinsu kamfanonin fasaha da na magunguna ne ke cikewa. Cunkushewar da na yi magana a kai ta fi tsanani a irin waɗannan ma'aunan. Shekarar da fasaha ta yi kyau sai su wuce na gama-gari, shekarar da ta karye su fi jin jiki.

Ustaz Habibu: Haka ne. Wanda ya zaɓe su don addininsa ya san da wannan tun farko, kada ranar faɗuwa ya ce an yaudare shi.

Maman Ilham: To in na ga asusu an ce yana bin ma'auni kaza, me zan fara dubawa?

Hajiya Binta: Kowane asusu yana da 'yar takardar bayani shafi ɗaya ko biyu. Ki gangara inda aka jera manyan kamfanoni goma da kason kowanne, nan za ki ga ainihin abin da kike saye. Ki duba ladan kulawa na shekara, manyan asusun da ke bin S&P 500 akwai waɗanda ba su kai kashi 0.1 ba, in kika ga mai bin ma'auni yana neman kashi 1 ko 2 ki tambayi dalili. Ki duba ko ribar ana biyan ki ne ko ana mayar da ita ciki, da kuma irin kuɗin da ake lissafin da shi. Dillalin kuma ki tabbatar yana da rajista da hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari. Kuɗin da za ki buƙata nan da shekara biyu ko uku kada ya shiga nan sam.

Alhaji Tukur: Wannan ta ƙarshen na sa hannu. Sauran kuwa ina nan kan bakana. Ni zaɓe nake, kuma ban yi nadama ba.

Hajiya Binta: To Alhaji ga amfanin ma'auni ko ga mai zaɓe irinka. Ka ɗauko lissafinka na shekara goma, duka, har da waɗanda ka sayar da asara da la'adar dillali, mu jera shi da ma'aunin kasuwar da ka saya a ciki. In ka wuce shi, a gaban kowa zan ce ka fi ni.

Alhaji Tukur: Na karɓa. Amma da sharaɗi, a sa mini ribar da aka raba mini duk tsawon shekarun.

Hajiya Binta: Za a sa. Shi ma ma'aunin nau'in da ya haɗa riba za mu ɗauko.

Alhaji Tukur: Hmm. Ku ba ni zuwa ƙarshen mako, takardun suna da yawa.